Wayar Firjin Motar Allura

Motar da Abdulsalam yake tuƙawa ba irin wadda mutanen Gaya suka saba gani ba ce. Gabanta mota, bayanta ɗaki, da gadaje biyu da risho da kabad, ga firji a kusurwa. An ba su ita ne a shekarun farko bayan samun mulkin kai, lokacin da aka tashi haiƙan yi wa shanu allurar bushiya, cutar nan da in ta shiga garke sai ta bar mai shi da sanda kawai. Su biyu ne a ciki. Shi ne direba kuma makanike, Malam Uthman kuma shi ke yin allurar. A ciki suke kwana, a ciki suke dafa abinci, amma duk kayan motar nan firjin ne kaɗai abin tsoro, domin maganin da ke cikinsa in ya sha zafi ya mutu. Mugun abin kuma ba ya canja launi, ba ya wari. Sai a zuƙa a tsira wa saniya, a huda mata kunne alamar an yi, alhali ruwan banza aka ba ta.

Firjin hanya biyu yake ci. In an tsaya, sai a kunna masa fitilar kananzir da ke ƙarƙashinsa. In za a tashi, sai a kashe fitilar a juya makunni, ya koma shan wutar batir. Kowace safiya Malam Uthman zai buɗe, ya duba ma'aunin zafi, ya ƙwanƙwasa ƙanƙara da ɗan yatsa, ya rufe. Daga nan kuma ko wane ne kai ba ka isa ka taɓa ƙofar nan ba sai an isa rugar da za a yi aiki, shi ma da sassafe ake ɗiba. Dokarsa ke nan, kuma doka ce mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba.

To, tun farkon rani akwai ruwan da ke jiƙa musu tabarma in sun yi doguwar tafiya. Tulun ruwansu a gefen firjin yake zaune, saboda haka tulun ya sha zagi. Malam Uthman ya zagi tulun, ya zagi maginiyarsa, har dai wata rana aka faɗa rami tulun ya fashe, ya ce alhamdu lillahi an rabu da ƙaya. Washegari suka taso daga Kano cikin zafin bazara, suka tsaya a Gaya don sallar azahar. Abdulsalam ya shiga ɗauko buta, sai ya ji ƙafarsa cikin ruwa.

Ya tsaya yana kallon tabarmar. Babu tulu, ga ruwa. Ya bi sawunsa da ido, sai ga shi yana ɗiga daga ƙasan ƙofar firji.

"Malam," in ji shi, "zo ka buɗe."

"Da tsakar ranar nan? Ka haukace ne?"

"Zo dai ka buɗe, don Allah."

Malam Uthman ya shigo yana mita, ya ga ruwan, mitar ta tsaya. Ya buɗe. Ƙanƙara ta narke tas, kwalaben magani suna iyo a cikin faranti, iskar da ta fito kuwa ɗumi gare ta kamar ta ɗakin mai jego. Ya ɗauki ma'aunin zafi ya duba, ya mayar, ya sake ɗauka. Mutum ne mai yawan magana, amma a nan innalillahi kaɗai ya iya cewa.

"Wataƙila yau ne ya fara," in ji shi daga baya, a hankali.

Abdulsalam ya tafi ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Shi ma so yake ya zama yau ne, fiye da yadda Malam yake so, don yana da dalili. Garken kawunsa Datti yana can wajen Gafasa, kuma cikin garken akwai shanun mahaifiyar Abdulsalam, Dada, waɗanda su ne duk abin da mijinta ya bar mata a duniya. Da labarin cuta ya fara tasowa daga gabas, Datti ya yi niyyar yin abin da kakanninsa suke yi, ya kora dabbobinsa ya yi kudu, nesa da rijiyar kowa. Abdulsalam ne ya zauna gabansa yana roƙo. Ya ce zamani ya canja, ya ce allurar nan katanga ce, ya ce ba ƙidayar jangali ba ce, ya rantse. Datti ya yarda da ƙyar, aka yi wa garken allura da hannun Malam Uthman, aka huda kunnuwa, ya fasa tafiya. Ga shi kuma da safiyar nan a tasha aka ce an ga shanu masu hawaye a wata rijiya gabas da Ajingi.

Ya fara daga tushe, yadda aka koya masa. Yana da wani ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya biyu, in ya taɓa inda wuta take sai ya kama. Ya tayar da inji. Ya buɗe batir, ya kankare farin garin da ya taru a kansa, ya ƙara ɗaure. Ya zare fis ya ɗaga shi a rana, zarensa lafiya lau. Ya duba wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya kwance ta, ya goge tsatsa, ya mayar. Ya juya makunni sau da yawa yana saurare. Sannan ya kwanta rub da ciki ya zura hannu bayan firji, ya taɓa ƙwan a inda waya ta shiga. Ƙwai ya kama tangaran.

"To ai ga wuta nan!" in ji Malam Uthman, har ya fara murmushi. "Ka ga? Lafiya ƙalau."

"Haka nake gani kullum da safe, Malam. Amma a tsaye nake gwadawa."

Ka ji fa. Wata nawa yana wannan gwaji, yana jin kansa gwani, bai taɓa tunanin cewa mota a tsaye daban take da mota a kan gargada ba. Haushin kansa ya kama shi. Ya fita bakin kasuwa ya kirawo 'yan dako, ƙarti masu ƙarfi, ya ce su dafa motar ta gefe biyu su riƙa jijjiga ta. Suka yi ta dariya, wani ya ce yau direba zai yi wa motarsa rawa, wani ya ce ko aljanu ne za a fitar. Suka kama. Motar ta fara tangaɗi, kwanuka suna ƙara a kabad, sai ƙwan ya ƙifta, ya kama, ya ƙifta, ya mutu. Da suka saki motar ta natsu, ya sake kamawa kamar bai yi komai ba.

Malam Uthman ya zauna a bakin gado. Ba sai an yi masa bayani ba, ya fi kowa sanin ma'anar abin. Kullum da rana firjin yana mutuwa a kan hanya, maganin yana dahuwa, da yamma a kunna kananzir, kafin safiya ƙanƙara ta sake haɗuwa ta yi masa kwalliya.

Saura a san inda wutar ke yankewa. Abdulsalam ya riƙa matsar da ƙwan yana bin waya, 'yan dako suna jijjigawa duk lokacin da ya ce. A bakin batir bai ƙifta ba. Bayan fis bai ƙifta ba. A ƙarƙashin kujerar direba, inda ya fi zargi saboda waya tana gugar ƙarfe, nan ma bai ƙifta ba, har ya ji takaici. Daga nan waya ta shige cikin bango, tsakanin ƙarfe da katako, ta bi ta bayan kabad ta fito a firji. Nan ne kaɗai ya rage. Ya sallami 'yan dakon, ya kwashe tukwane da garin tuwo daga kabad, ya zura kai da tocila.

A can lungun ƙarshe, ƙasa ƙasa inda ba mai kai hannu, akwai ƙusa. Doguwa ce, irin ta kafinta, an buga ta a karkace, kanta duk ya lanƙwashe saboda ba da guduma aka buga ba. A jikinta kuma an rataye wata 'yar laya cikin jar fata, an naɗe ta da farin zare na kaɗin hannu.

Ya san zaren nan. Da irinsa aka ɗinke masa rigunan yarinta.

Dole a nan in tsaya in faɗi wace ce Dada, in ba haka ba za a ɗauke ta wawuya, ita kuwa ba wawuya ba ce. Abdulsalam ɗan farinta ne, kuma tana riƙe da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In tana da magana da shi, sai ta juya ta faɗa wa ƙanwarsa Hanne, ko da yana zaune a wurin, ta ce a gaya wa direba kaza. Ranar da ya fara tuƙi aka ce mata motoci suna kifewa da mutane, kwana ta yi ba ta ci abinci ba, amma da ya zo gaishe ta sai ta ci gaba da burga nono kamar ba ta ga shigowarsa ba. Wata uwar za ta kira ɗanta ta ce ungo wannan ka sa a aljihu. Dada ba za ta iya ba, ko za a yanka ta. Abin da za ta iya shi ne ta sayar da man shanu ta je wurin malami ya yi mata layar tsari, ta jira ranar da babu kowa a motar.

Ranar kuwa ya tuna ta sarai. Bayan girbi ne, da Hanne ta haihu ya kai motar ruga ta kwana don suna. Ya hango Dada tana saukowa daga ciki, da ɗan dutsen niƙa a hannunta, ya ɗauka fura ta ajiye masa kamar yadda ta saba, ya kawar da kai don kada ya kunyata ta. Allurar garken Datti kuwa bayan wannan aka yi ta, da nisa.

Ya sa filaya ya zare ƙusar, ya kwance katakon da sukuddireba ya jingine shi gefe. Ga waya nan. Ƙusar ta ratsa tsakiyarta, ta tsinke kusan dukan silin tagullar, saura biyu ko uku da ke taɓa juna in mota ta natsu. Wurin ya yi kore shar, robar ta ƙone ta yi baƙi. Wannan ba ɓarnar jiya ba ce, ba ta makon jiya ba ce.

Malam Uthman ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ga wayar, ya ga abin da ke hannunsa.

"Wa ya kafa wannan?"

Malam ya dubi Abdulsalam, ya dubi zaren, ya gane, kuma don Allah ya yi shi mutumin kirki bai sake tambaya ba. Ya ce dole su koma Kano yanzu, a kai rahoto, a karɓo sabon magani, a sake bin duk rugagen da aka bi.

"Gafasa tukuna, Malam."

"Da me? Ba mu da ko kwalba ɗaya mai rai."

"Da baki. In ce masa ya tashi yau, ya kora su. Ni na ce ya zauna."

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya fere bakin wayoyin, ya murɗe su tare, ya naɗe. Gyaran da bai kai tsawon shan kofin shayi ba, wallahi abin haushi. Bai tsaya mayar da katako ba. Layar ya jefa a aljihu, ƙusar kuwa ya bar ta nan ƙasan kabad inda ta faɗi, suka tashi.

Hanyar Ajingi yashi ce da ramuka, kuma bai taɓa gudu a kanta kamar ranar ba. Malam Uthman yana baya yana riƙe da ƙwan, yana ta kirari da ƙarfi cewa bai ƙifta ba, bai ƙifta ba, kamar hakan zai amfani wani. Suka ratsa Ajingi ba su tsaya gaisuwa ba, mutane suna bin su da kallo. Abdulsalam yana tuƙi yana lissafin hanyar da Datti zai bi, da inda zai samu ruwan da ba na kowa ba, da yadda zai fara maganar. Yana ta roƙon Allah ya sa labarin tasha ƙarya ne, don 'yan tasha ba abin da ba sa faɗa.

Wari ne ya fara tarar su kafin su ga bukkoki. Duk wanda ya taɓa jin warin zawon bushiya ba ya manta shi. Malam Uthman ya daina magana. Da suka fito daga cikin gonaki sai ga garken a gindin gawo, da la'asar sakaliya, lokacin da ya kamata a ce suna can kiwo. Wasu a tsaye, kai a ƙasa, hawaye ya yi musu layi a fuska, yawu yana dalala. Wasu a kwance. Can gefe an ja biyu an rufe da ƙaya saboda ungulu. Kowace da hudar allura a kunne.

Datti yana tsaye a tsakiyarsu da sandarsa a kafaɗa. Dattijo ne dogo, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da ya ga motar sai fuskarsa ta saki, Allah sarki, har ya taho da sauri.

"Madalla, Salamu. Na ce za ka zo. Na gaya musu wannan ba bushiya ba ce, tunda an yi musu allura. Malam, zo ka duba mini, ko wata ciyawa suka ci."

Malam Uthman ya je ya buɗe bakin wata karsana, ya ga gyambon da ya cika dasashi, ya saki. Abdulsalam ya durƙusa gaban kawunsa, ya faɗa masa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce firjin yana mutuwa a hanya ba su sani ba, maganin da aka yi wa garken nan ya riga ya lalace kafin a yi, waɗanda ba su kamu ba a raba su yanzu ko Allah zai sa a tsira da wasu.

Datti ya sauke sandarsa daga kafaɗa.

"A raba su," in ji shi. "Jiya tare suka sha, shekaranjiya tare. Har shanun maƙwabta na bari suka sha a kwamina, na ce nawa ba abin da zai same su. Ka san da na tafi yanzu ina ina?"

"Na sani, Kawu."

"Ba ka sani ba. Kai mota ka sani."

Mata sun fito sun tsaya daga nesa. Dada tana durƙushe wajen tsohuwar guzumarta, wadda ta raina da hannunta tun tana maraƙa, tana goge mata ido da gefen zane. Ba ta juyo ba. Ta yi magana da Hanne, a hankali, yadda ta saba.

"Tambayi direba, me ya kashe abin sanyin?"

Hanne ta dube shi. "Yaya, ka ji."

"Waya ce ta tsinke a cikin bango," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ɓera ne ya ci."

Malam Uthman ya juya baya ya shiga duba wata saniya. Datti ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ɓera. Ya ce mutum yana kwana cikin mota, yana ci a ciki, ɓera yana cin amanar mutane a bayan kansa bai ji ba. Ya ce dukiyar da ta tsallake fari da yunwa tun zamanin kakansa, ga ta nan ɗan ƙanwarsa ya kawo mata ajali a kwalba. Bai zage shi ba, da ma ya zage shi. Ya ce kawai in an gama binne na binnewa, kada ya ƙara ganin motar nan a ƙasar Gafasa, da ita da mai tuƙa ta. Abdulsalam ya ce to. Ya ji zafin maganar har cikin ƙashinsa, amma ya ga zai iya ɗauka, kuma gara shi ya ɗauka da a ce Dada ce.

Suka shiga aiki, don ko ba amfani dole a yi wani abu. Shi da Malam da Datti suka riƙa ware masu sauran kuzari suna kora su bayan gona, suna jan matattu. Yana cikin jan ƙafar wani bijimi, gumi ya rufe masa ido, sai ya ɗaga kai ya hango Dada ta nufi motar da ƙwaryar fura a hannu. Ko a rana irin wannan ba za ta bar baƙo da yunwa ba, kuma ba za ta miƙa masa a hannu ba, a ciki za ta ajiye, cikin kabad, inda ta saba.

Sai a lokacin ya tuna katakon yana jingine, bangon a buɗe.

Ya saki ƙafar bijimin ya taho da gudu, yana kiran Hanne ta tsayar da ita, amma tsohuwa ta riga ta hau. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai iya shiga ba. Yana jin motsinta, sannan ya daina ji. Ta daɗe a ciki.

Da ta sauko babu ƙwarya a hannunta, sai ƙusar. Ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu, ta ratsa ta cikin shanun da ke kwance har ta isa inda yayanta yake tsaye. Abdulsalam ya ce, "Dada, don Allah," amma ba da shi take magana ba.

Ta buɗe tafin hannunta a gaban Datti.

"Yaya," in ji ta, "ba ɓera ba ne."